Kaba Cikin Rama

Kazablanka, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yayana Rabilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da kai da Asiya da yara, da dukan mutanen Tasawa. In ka leƙa Zango ka durƙusa mini gaban Baba da Inna.

Tsohuwar igiyar Baba da na roƙe ka ta iso. Da na buɗe ledar sai warin rijiyarmu ya cika mini ɗaki, warin laka da jiƙaƙƙen guga. Na zauna a ƙasa na rungume ta, ban san lokacin da aka kira la'asar ba. Teku na nan bayan tagata yana ta surutunsa, ni kuwa ina can Gulbin Kaba, ina bin bayan jakuna da ƙafa ba takalmi. Na yi kewar gida, Yaya, ba kaɗan ba.

Ka ce in faɗa maka aikina da Hausar da Inna za ta gane. To, jirgin sama ba ya son nauyi. Bangonsa na ciki da akwatunan kaya da ke bisa kan fasinja, ana so su yi ƙarfi kuma kada su yi nauyi. Sai a shimfiɗa zare iri-iri, a haɗa da wata roba da ke narkewa in ta ji wuta, a danne da zafi, in ta huce ta zama allo. Ni zare uku nake haɗawa: na gilas, da na karbon, wani baƙi mai tsada da ya fi ƙarfe ƙarfi, sai kuma ramarmu ta gida. A labo, ɗakin gwajinmu, muna da inji mai haƙora sama da ƙasa. Ya ciji ɗan yankin allon ya yi ta ja har ya tsinke, ya rubuta iyakar abin da ya jure.

Allona yana da ƙarfi, amma tsinkewa yake farat ɗaya, tas, ba sallama. Madam, malamar da ke duba aikina, ta ce masu ƙera jirgi ba sa son abin da zai mutu bai yi jinya ba. Suna son wanda zai fara nuna gajiya, a gani tun jirgi na ƙasa, a canza shi. Ta ba ni zuwa ƙarshen Disamba. In ban samo ba za a rufe aikin, in dawo muku da shekara uku a banza. Karbon ɗin da ya rage mini na allo uku ne kacal.

Shi ya sa na tuna igiyar Baba, wadda ba ta taɓa yada mutum cikin rijiya ba. Na warware ta don in ga irin ramar da yake zaɓa. Ka san abin da na tarar a tsakiya? Guntayen busasshiyar kaba, birjik! Ashe tsohon nan da wayonsa, yana cusa kaba don ramar ta yi masa auki. Na yi dariya har da hawaye. Na tsince su duka na zuba a shara, na tsefe ramar tas.

Ka karanta masa wannan, ka tambaye shi yadda yake gane rama mai kyau. Ka kuma ce ya daina gudun waya. Wata biyar ke nan kullum sai a ce mini yana gona ko yana masallaci.

Ƙanwarka mai kewarku,
Hindatu

*

Tasawa, 18 ga Satumba

Zuwa ga Injiniya Hindatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya lau, Asiya na gaishe ki, gero ya yi kai, Alhamdu lillahi. Gaisuwa ta ƙare, sai ki gyara zama, don kin yi ɓarna, ni ma na taya ki.

Ran Asabar na hau moto, ɗan babur ɗin nan nawa, na je Zango. Na tarar da Baba ƙarƙashin gawo tare da dattawa, har da Halilu mai yasar rijiya. Don ɗoki ban karanta takardarki ni kaɗai tukuna ba, na buɗe hotonta a waya na fara. Kuma da ƙarfi na karanta, da iyakar muryata, har matan bakin rijiya suka tsaya da ja. Sai da bakina ya furta zancen wayo da auki sannan kaina ya gane abin da na faɗa.

Za ki ce me ya sa nake ihu. Ga abin da muka ɓoye miki. Baba ba ya ji, Hindatu. Tun zazzaɓin bazara kunnuwansa suka yi ruwa, da ruwan ya tsaya sai jin ya tafi da shi. Sai an kafa baki a kunnensa na hagu an yi kururuwa yake tsintar rabi. Na kai shi likita a Mayahi. Likitan ya buga wani ɗan ƙarfe mai ƙafa biyu ya riƙe gaban kunnen, shiru. Ya ɗora masa a ƙashin bayan kunne, Baba ya zabura. Likita ya ce can ciki da rai, hanyar ce ta lalace, gyaran kuma sai manyan wurare. Baba ya hana a gaya miki, wai kada hankalinki ya rabu biyu. Wannan ita ce gonar, shi ne masallacin.

Da na kai wurin kabar sai ya ce, "Mi ta ce? Maimaita." Na maimaita, ina ji kamar ƙasa ta tsage. Ya ce, "Ta zubas?" Na ce ta zubar. Ya kakkaɓe rigarsa ya shiga gida.

Halilu ne ya kama hannuna, ya kira ni Mushe, yadda ake kiran mu malaman lakwal, wato makarantar boko. Ya ce, "Mushe, hwaɗa ma ƙanwarka kabar ga ita ta tashe ni da raina shekara talatin." Ya ce in yana rataye a rijiya mai gaba ashirin da biyar, igiya ta fara gajiya, kabar ce ke fara karyewa tun ramar na da sauran ƙarfi. Sai ya ji ƙas, can kuma ƙas, a bisa kansa. Nan zai yi kira a sako masa wata. Ya ce igiyar roba ta kasuwa ta fi ta Baba ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ita ba ta gaya wa kowa ranar tafiyarta. Kin ji abin da Madam ɗinki ke nema, shi kika share kika kai bola.

Abin da ya fi damuna shi ne tun da kunnen ya tafi Baba bai sake tufka ko igiyar ɗaure akuya ba. Ramar bara na nan rataye a rumbu. Yini yake zaune yana kallon sama.

Ki rubuto masa da kanki. Wannan karon cikin ɗaki zan karanta, in rufe ƙofa.

Yayanki,
Rabilu

*

Kazablanka, 21 ga Satumba

Zuwa ga mahaifina, Malam Sidi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, ina durƙushe ina gaishe ka, ina gaida Inna. Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ladan wannan jarrabawa.

Baba, na yi rashin kunya, na kuma yi wauta, ban san wadda ta fi girma ba. Da igiyar nan ka ciyar da ni, da ita ka kai ni lakwal, na zo na tsaya gaban mutane da bakin Yaya na ce ha'inci ne a cikinta. Ka yafe mini. Kwana uku ke nan abinci ba ya wuce mini. Kuma na yi fushi da aka ɓoye mini ciwonka, ba zan ce ban yi ba.

Jiya bayan azahar barci ya sace ni a kan teburin labo. Na yi mafarki jirgi na tafe ƙasa-ƙasa bisa Gulbin Kaba, ba ƙara ko kaɗan, har cikinsa na shafar kan goruba. Duk jikinsa saƙa ne, rana na ratsa shi. Mutanen Kanan Bakashe sun cika shi da kwandunansu na kasuwa, Inna na bakin taga tana tankaɗe. Kai kuma kana ƙasa riƙe da igiyarsa, kana saki a hankali, kana karkata kai kana saurare. Na yi ta kiranka ba ka waiwayo ba, sai na farka da shaidar littafi a kumatuna.

Da na farka na gane kuskurena a aiki. Ni kullum ƙara karbon nake don allon ya yi ƙarfi. Shi kuwa karbon bai iya miƙewa ba, shi ke fara karyewa, in ya yi kauri sai ya tafi da sauran gaba ɗaya. Ashe aikin kaba ya kamata in ba shi: ya zama kaɗan, ya riƙa karyewa guntu-guntu, gilas da rama na riƙe. Na san igiya daban, jirgi daban, amma hannunka ya riga ya san inda ake farawa, ni kuwa gwaji uku kawai gare ni.

Na zubar da kabar ban ƙirga ba, ban auna ba. Don Allah, Baba, sili nawa na kaba kake sa wa cikin rama? Yaya tsawonsu, yaya kake jera su?

Ɗiyarka mai neman gafara,
Hindatu

*

Zango, 29 ga Satumba

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikis salam. Ina gaishe ki gaisuwa ta alheri. Rabilu ke rubutu, ni ke hwaɗi, na ce mashi kada ya gyara mini Hausa.

Sunan mahaihiyata gare ki, mutum kuwa ba shi riƙe uwarsa a zuciya. Na yahe. Raina ya ɓaci kwana biyu, ran na ukku na tuna ban taɓa zaunad da ke na nuna maki ba. Kina ƙarama in kin zo wurin tuhka sai in ce tahi ki yi karatu. To kin yi karatun.

Amma abin da kika tambaya ba ni da shi. Awon ba a kai yake ba, ba a hannu yake ba, a kunne yake. Ramar bana ba ta bara ba ce. Wadda ta sha ruwa da yawa daban, wadda ta kwana goma cikin tabki daban da wadda ta kwana bakwai. Kaba ma ta bakin gulbi ba ɗaya take da ta tudu ba. In na tuhka sai in yanki gaba ukku, in ɗaura kai guda ga gawo, guda ga sa, in aza kunne bisa igiyar, a kora san sannu-sannu. Igiyar kirki sau bakwai take magana kahin ramar ta hwara saki. In ta yi biyu ta tsinke, kabar ta yi kauri. In ta yi shiru har ƙarshe, ta yi ƙaranci. Sai in warware in sake, har ta hwaɗi daidai. Haka ubana ya yi, bai taɓa ce mani sili kaza ba.

Yanzu ko sa ya yi kuka gabana sai dai in ga bakinshi. Halilu ya zo sau biyu shina roƙo in tuhka mashi, na hana. Ban ba shi igiyar da ban ji ba, shi da ke mutum guda. Ke ko Rabilu ya ce mutum ɗari da wani abu ke shiga jirgi. In na ba ki lissahi da ka, ƙarya na ba ki.

Kullum da hantsi wani jirgi na wucewa nan bisa, ya yi arewa, shina jan hwarin zare bayanshi. Da can sai ya wuce sannan ƙararshi ta iso. Yanzu zaren kaɗai ke zuwa. Ina zaune ina kallo har iska ta warware shi, in ce ko Uwata ta taɓa wanga da hannunta.

Ki yi haƙuri, ki nemi awonki wurin malamanki. Allah ya yi maki albarka, ya ba ki sa'a.

Mahaihinki,
Sidi

*

Kazablanka, 16 ga Oktoba

Yaya Rabilu,

Salamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Na san an koma lakwal, yara sun sa ka gaba, amma ka ba ni kunnenka.

Na yi gwaji da ka, yadda Baba ya ƙi yi. Na rage karbon, na gasa allo, mako biyu ina fama. Sau biyu ya yi ƙara ya tsinke. Saura biyu. Madam ta dafa kafaɗata kawai, wannan kuwa ya fi faɗa ciwo.

Amma a wurin gwajin na lura da wani abu da kullum yake gabana. Muna manna wa allon wani ɗan maɓalli da ke sauraren karyewar zare a ciki. Yaya, maɓallin nan ba shi da kunne, ba ta iska yake ji ba, ta jikin allon yake ji. Sai na tuna ƙarfen likitan Mayahi da ya sa Baba zabura. Na toshe kunnuwana da auduga, na ciji gindin bik ɗin da nake rubutu da shi, na dogara bakinsa a jikin injin. Wallahi har cikin ƙoƙon kaina na ji gurnaninsa, da wani ɗan ƙyas-ƙyas da ban taɓa ji da kunne ba. Abokan aikina suka shigo suka tarar da ni ina cizon bik ina kuka, suka ɗauka karatu ya taɓa ni.

Ka samo busasshen ice mai tauri, doguwar sanda siririya, ka fere ta. Baba ya ciji kai ɗaya da turame, ya dogara ɗayan a kan igiya kusa da ƙulli. Ya tsaya bayan gawon, don in ta tsinke kada ta same shi. Haƙoransa dai na san suna nan, mutumin da ke fasa goruba.

Ban yi maka alkawarin zai ji ba. Ko bai ba ni awo ba, ina so a gwada.

Ƙanwarka,
Hindatu

*

Tasawa, 10 ga Nuwamba

Hindatu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, an gama yankan gero, rumbu ya yi kyau bana. Kin ga na yi shiru, jira nake in sami abin faɗa.

Da na karanta masa, cewa ya yi, "Ni akuya ne da za ni cin ice?" Inna ta yi dariya har ta saki muciya. Na fere sandar duk da haka, ta aduwa, na jingine a zaure. Na ce mu gwada a jikin rediyo, ko a tankin moto in na tayar. Ya ƙi. Ya ce shi ba shi da abin da zai ji a rediyo, in zai ji to igiya zai ji.

Kwana huɗu sandar na nan bai dube ta ba. Inna ce ta gane abin da ke ransa. Ta ce mini, "Tsoro yake. Yanzu shina da wataƙila. In ya ciza bai ji ba, wataƙilar ma ta tahi." Ran na biyar ta ga ya sauko da ramar bara daga rumbu, ya shinshina, ya mayar. Ya tafi gona ya yanko ta bana, ya kai sauran ruwan tabkin da bai ƙafe ba ya danne da duwatsu. Ya hau jaki shi kaɗai ya gangara gulbi, ya yini yana zaɓen kaba, ya dawo da ɗan ƙunshin da bai fi a riƙe a hannu ɗaya ba.

Asabar ɗin nan na same shi yana tufka. Na daɗe ban ga abin da ya yi mini kyau haka ba. Ya miƙe ƙafa, ya maƙale bakin igiyar a babban yatsa, tafin hannunsa na murzawa a cinya, idonsa a rufe. Kowane ɗan lokaci ya ɗauki silin kaba ya lanƙwasa kusa da kunne, don sabo, sai ya tuna, ya sauke hannun a hankali. Gajeru uku ya yi, kowace da yawan kabarta, ya ce in ya gane wadda ta yi daidai zai tufka doguwa ga Halilu. Ya sa ni na zauna da kaye, littafin rubutu, ina rubuta sili nawa ya sa a kowace, wai tunda ɗiyarsa lissafi take ci.

Abbas maƙwabcinmu ya ba da aron sansa, ran Lahadi mai zuwa da hantsi. Baba ya ce ba ya son taro, daga ni sai Halilu. In bai ji ba, ban san da wace fuska zan dube shi ba, ban kuma san abin da zan rubuto miki ba. Ki yi addu'a.

Yayanki,
Rabilu

*

Zango, 1 ga Disamba

Uwata,

Salamu alaikum. Ina gaishe ki.

Na ji. Ta cikin haƙora ta zo, ta hau har tsakar kaina, ƙas, sarai kamar da.

Ta hwarko biyu ta yi, ta biyu shiru, ta ukku ta cika bakwai. Ga awonta: sili guda na kaba cikin tara na rama, kowane tsawon kamu guda, kan wanga ya hau wutsiyar wancan da yatsa ukku, kada biyu su ƙare wuri guda. Na bana ne, ki gwada da naki ki saurara.

Na tuhka ma Halilu doguwar, gaba talatin. Jiya na ce bari in yanki ukku in tabbata. Ta yi bakwai. Na ce a ƙara. Haka na yi ta yanka ina sa a ja, har san Abbas ya kwanta, igiyar ta ƙare. Ba don awo ba ne, don kaina na yi. Halilu na tsaye bai hana ni ba, ya ce shi zai jira wata.

Guntu guda ya saura, Rabilu zai aiko maki. Allah ya yi maki albarka.

Mahaihinki,
Sidi